Ƙwayar yashi ɗaya a sararin samaniya

Assalamu alaikum warahmatullah 'yan uwa maza da mata. Akwai wani hoto da na daɗe ina ajiye da shi a waya, na san da yawanmu sun gan shi ya wuce ta gabansu suka danna like suka ci gaba da abinda suke yi. Hoton nan ne da na'urar hangen nesa ta James Webb ta ɗauko aka fitar a watan Yulin 2022, baƙin sarari cike da ɗigo-ɗigon haske, wasu ja wasu fari wasu a lanƙwashe. Ni ma da farko na ɗauka taurari ne kawai. Ashe banda 'yan ƙalilan masu tartsatsi ɗin nan, kowane ɗigo gungun taurari ne sukutum wanda ake ce ma galaksi, kuma kowane ɗaya na ɗauke da taurari miliyoyi ko biliyoyi. To abinda ya kashe min jiki shi ne da masana suka ce duk faɗin wurin da hoton ya ɗauka a sama, in ka ɗora ƙwayar yashi ɗaya a kan yatsanka ka miƙe hannu, iyakar abinda ƙwayar nan zata rufe maka kenan. Ƙwaya ɗaya fa, dubban galaksi a bayanta. Subhanallah.

Ita wannan na'ura an harba ta ne ranar 25 ga Disamba 2021, tana can kusan kilomita miliyan 1.5 daga duniyarmu, madubinta faɗin mita 6.5, gutsure 18 aka harhaɗa aka shafe su da zinare, an kashe mata wajen dala biliyan 10 kuma an shafe shekaru ana aikinta. Kafin ita akwai Hubble da aka harba tun 1990, wadda a 1995 aka juya ta ta yi kwana goma tana kallon wani ɗan lungu na sama da ake gani kamar babu komai a cikinsa, sai ga galaksi wajen 3,000 sun fito. Wato inda idonka ke cewa duhu ne fayau, cike yake maƙil da halittar Allah.

Yanzu dan Allah ku bari mu ɗan yi lissafi, ba mai wahala bane. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kafin ka ƙifta ido ya zagaye duniyar nan fiye da sau ɗaya. Amma duk da wannan gudun sai ya yi minti 8 da 'yan daƙiƙu kafin ya iso mana daga rana. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, haskensa sai ya yi shekara 4 da ɗoriya a hanya. Tauraron Shi'ira da Allah ya ambata a Suratun Najmi ya ce shi ne Ubangijinsa, shekara 8 da rabi da 'yan kai. Kaza da 'ya'yanta da muke gani a dunƙule, hasken da ke shiga idonka yau ya baro can sama da shekara 400 da suka wuce, kakan kakan kakanka ma ba a haife shi ba lokacin. Galaksin Andromeda da ake kira maƙwabciyarmu kuwa shekara miliyan 2.5. A 2024 masu aiki da James Webb sun sanar da wani galaksi da haskensa ya yi sama da shekara biliyan 13 yana tafe kafin ya faɗo kan wannan madubin. Ni dai a nan ƙwaƙwalwata ke tsayawa, sai dai in karanta ayar Suratul Waƙi'a inda Allah ya yi rantsuwa da masaukan taurari sannan ya ce lallai rantsuwa ce mai girma da kun sani.

To ɗan uwa, a cikin duk wannan, ina kake? Ranar nan da ke hana ka fita da azahar, duniyarmu sama da miliyan ɗaya zata shige cikinta, ita kuma ranar tauraro ɗaya ce cikin aƙalla biliyan 100 da ke galaksinmu kaɗai. A 1990 kumbon Voyager 1 ya waiwayo daga nisan kilomita biliyan 6 ya ɗauki hoton duniya, wallahi bata kai ɗigon biro ba. A kan wannan ɗigon ne fa ake cewa kasan ko ni waye. A kansa ne wa da ƙani suke shekara goma basa gaisawa akan gadon fili, a kansa mutum ke samun 'yar kujera sai ya daina amsa sallama, wata ta ga ta fi kishiyarta ko ƙawarta sutura sai tafiyarta ma ta canja. Haba jama'a. Annabi (SAW) ya gaya mana wanda ke da girman kai daidai da ƙwayar zarra a zuciyarsa bazai shiga Aljanna ba, kuma ya ce da duniya ta kai fiffiken sauro a wurin Allah da bai shayar da kafiri ko kurɓin ruwa daga cikinta ba. Da can muna jin hadisin muna gyaɗa kai, yanzu kuma ga hoto an kawo mana har cikin waya.

Nana A'isha (RA) ta bada labarin wani dare da Manzon Allah (SAW) ya tashi yana sallah yana kuka har ya jiƙa gemunsa ya jiƙa ƙasa, da Bilal ya zo kiransa sallar asuba ya tambaye shi, sai ya ce an saukar masa da wasu ayoyi a daren, bone ya tabbata ga wanda ya karanta su bai yi tunani a kansu ba. Su ne ayoyin ƙarshen Ali Imrana, lallai a cikin halittar sammai da ƙasa da sassaɓawar dare da yini akwai ayoyi ga ma'abota hankali. Shi da ba madubin hangen nesa a gabansa, ya yi kuka har asuba. Mu an nuna mana abinda mutanen farko basu taɓa gani ba, amma yaushe rabonka da ka fita waje da dare ka ɗaga kai na minti biyar ba tare da waya a hannu ba? Ni kaina da nake rubutun nan tambayar ta kama ni.

Bari in ɗan ratse kan abu biyu da nake gani a ƙarƙashin irin waɗannan hotunan. Akwai masu cewa duk ƙaryar Turawa ce, kwamfuta ce ta zana. Gaskiya ne launukan da muke gani an daidaita su, domin na'urar tana ɗaukar irin hasken da idon mutum baya iya gani, sai a mayar da shi launin da zamu gane, amma wannan bai mayar da abin ƙarya ba, kuma addininmu bai ce mu ƙaryata abu don kawai bamu fahimce shi ba. Sai kuma ɗaya ɓangaren, waɗanda duk abinda aka gano sai su jawo aya su liƙa masa da ƙarfin tsiya su ce ai wannan ake nufi. Ayi hattara. Masu binciken nan da kansu suna gyara maganarsu, James Webb ya nuna musu galaksi masu haske da yawa tun farkon zamani fiye da yadda suka zata, suna nan suna sake lissafi. In ka ɗaure aya da maganar da gobe za a iya canjawa, wa ka cuta? Tafsiri na malamai ne. Su kuma masu duba tauraronsu na wata don sanin sa'ar aure ko arziki, ku ji tsoron Allah, tauraro dunƙulen iskar gas ne mai ci da wuta, bai san da zamanka ba balle ya san gobenka.

Abinda ke sanyaya min zuciya kuma shi ne, wannan ƙanƙantar tamu bata sa an manta da mu ba. An gano duniyoyi sama da 5,000 da ke zagaye wasu taurarin, akwai tauraro ɗaya mai suna TRAPPIST-1 da ke da guda bakwai shi kaɗai, an ma gano iskar kabon a sararin wata duniya mai suna WASP-39b daga nisan da haske ke yin shekaru ɗaruruwa kafin ya iso mana, amma har yau ba a tabbatar da rai a ko ɗaya ba. Ubangijin da ke riƙe da duk waɗannan babu gyangyaɗi babu barci, shi ne ya ce ya fi kusa da kai fiye da jijiyar wuyanka, ganye ɗaya baya faɗuwa sai da saninsa. Hasken wani tauraron sai ya yi shekara biliyan kafin ya iso, kai kuwa ka sa goshi a ƙasa cikin dare ka yi raɗa, bashin da ya hana ka barci, rashin lafiyar mahaifiya, zunubin da kake jin kunyar faɗa wa kowa, ya ji tun kafin ka rufe baki.

Akwai wanda muka yi shekara biyu bama magana da shi akan abinda in na faɗa muku ma dariya zakuyi. Jiya bayan isha'i na fita na tsaya ina kallon sama, na dawo ciki na nemo lambarsa na kira. Sau biyu tana shiga bai ɗauka ba, anjima in sha Allahu zan sake gwadawa.