Jordan Cove: gara da aka fasa

A watan Disamba na 2021 kamfanin Pembina na ƙasar Kanada ya janye daga aikin Jordan Cove, tashar da aka so ginawa a Coos Bay, jihar Oregon ta Amurka, inda za a riƙa sanyaya iskar gas har ta zama ruwa, a loda wa jiragen ruwa zuwa Asiya. Ni dai na ce madalla, kuma har yau ina kan bakana.

Tun 2004 ake wannan magana. Da farko cewa aka yi tashar shigo da gas ce. Da gas ya yi yawa a cikin gida, sai aka juya ta koma ta fitarwa. Bututun da zai kawo mata gas daga garin Malin, tsawon mil 229, zai ratsa gonaki da dazuzzuka da ɗaruruwan rafuka da koguna, har da Rogue da Klamath, inda ƙabilun Yurok da Karuk da Klamath suka gaji kamun kifi kaka da kakanni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masu filaye. Da zarar hukumar makamashi ta tarayya ta ba da izini, duk wanda ya ƙi sayarwa kamfani na iya maka shi a kotu, a karɓi filin a biya shi diyya ko yana so ko ba ya so. Idan asibiti za a gina ko hanya, mutum ya haƙura. Amma a karɓe maka gado don wani ya ci riba a kasuwar Asiya? Haba! Makiyayi ya shafe shekaru bai sani ba ko ya kafa shinge, ko ya dasa itace, saboda wani layi da aka ja a taswira ya bi ta tsakiyar makiyayarsa.

Hukumar ta hana izini a 2016, ta dawo ta bayar a 2020. Jihar Oregon ce ta tsaya kai da fata: a 2019 ta ƙi ba da takardar kare tsabtar ruwa, kuma ba a iya tsallake ta ba.

Ba na raina kukan mutanen Coos Bay da suka so aikin. Sana'ar katako da ta riƙe garin ta durƙushe, matasa na neman abin yi, gaskiya ne. Sai dai yawancin ayyukan na lokacin gini ne kawai, ita kuma tashar a kan yashin bakin teku za ta zauna, a yankin da masana suka daɗe suna gargaɗin girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami.