Ɗaga murya ba ya maye gurbin hujja

'Yan'uwana matasa, musamman ku masu shiga muhawara a makarantu, ku ba ni aron kunnuwanku.

Kwanan baya na yi alƙalanci a wata muhawara ta 'yan sakandare. Wani yaro ya miƙe, murya kamar aradu, yana dukan tebur har gorar ruwa ta faɗi ƙasa, ɗaki ya kaure da tafi. Da abokiyar karawarsa ta ce masa a hankali, "Ina ka samo wannan adadin?" sai ya yi tsuru-tsuru yana murza takardarsa. Wallahi na tausaya masa, don mu manya ne ba mu koya masa ba.

Aristotle, masanin Girka da ya rasu shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi littafi guda kan fasahar gamsar da mutane da magana, wanda Ibn Rushd na Andalus ya yi wa sharhi da Larabci a ƙarni na 12. A birnin Atina na zamanin Aristotle mutum shi ke kare kansa a kotu, gaban ɗaruruwan masu yanke hukunci, agogon ruwa na ɗiga yana cinye masa lokaci. Aristotle ya ce abu uku ke sa a gamsu da magana: halin mai yin ta, motsa zukatan masu saurare, sai hujja. Da Girkanci, ethos, pathos da logos.

Motsa zuciya kam kun iya, ba sai na daɗe a kai ba. Ku dai sani wanda kuka tunzura yau zai huce gobe, ya sake auna maganarku.

Hali shi ne inda muke tuntuɓe. Aristotle bai ce a dogara da sunan gida ko muƙami ba. Daga cikin zancen kansa ake so jama'a su gane kana da basira, kana da nagarta, kuma alherinsu kake nufi. Da zarar ka murguɗa maganar abokin hamayya don ta yi saukin bugewa, ko ka zage shi, mai hankali ya ɗauke kunnensa, ko da sauran abin da ka faɗa gaskiya ne. Yarinyar nan kuwa sai da ta amsa cewa yaron ya yi daidai a wuri ɗaya, sannan ta kawo misalai biyu da kowa a ɗakin ya sani.

Don Allah, kafin muhawararku ta gaba, ku rubuta hujja mafi ƙarfi da ɗaya ɓangaren zai kawo, ku nemo amsarta. Kowane adadi kuma, ku rubuta inda kuka samo shi a gefen takarda.