Wa ya ba ka labarin zunubinsu?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya da dare muna fada nan Yamai ana shan shayi sai wani ƙanena ya miƙo min waya ya ce Yaya dubi wannan, tsohon bidiyon girgizar ƙasar Turkiyya ne ya sake yawo a WhatsApp, bene ya rufta mutane na tono da hannu. Ban ko gama kallo ba wani daga gefe ya ce ai zunubinsu ne ya ja musu. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai har na kasa barci.

Bawan Allah ka ji tsoron Allah, wa ya ba ka labarin zunubinsu? Annabi SAW da bakinsa ya lissafa wanda gini ya faɗa wa cikin shahidai, hadisin na cikin Bukhari da Muslim, kai kuma kana zaune kan tabarma da kofin shayi kana yanke musu hukunci. Ranar 6 ga Fabrairu 2023 ce fa, ƙarfe 4 da ƴan mintoci na asuba, mutane na barci ana tsananin sanyi, sama da mutum 50,000 suka rasu tsakanin Turkiyya da Siriya. A garin Jindires na Siriya an ciro jaririya da rai ƙarƙashin gini, ko cibiya ba a yanke mata ba, uwar ta rasu, uban ya rasu, yayyenta duk sun tafi. To ita wane zunubi ta yi? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wata bakwai bayan nan, 8 ga Satumba, sai Maroko, ƙauyukan kan duwatsun Atlas, gidajen ƙasa irin namu na karkara, kusan mutum 3,000. Maroko ɗin nan da yaranmu ke zuwa karatu.

Mu Allah bai jarrabe mu da girgizar ƙasa ba, alhamdulillahi, amma mun san gida ya faɗi. A 2020 da kogi ya ɓalle ruwa ya ci Lamorde da Saga, na je wata lakwal da aka tsugunar da mutane, na tarar da wata baiwar Allah da yara huɗu cikin aji, tukunya ɗaya da tabarma, ƙaramin sai kuka yake yana tambayar takalminsa. Shi bai san komai ya tafi ba, takalmi kawai yake nema. Har yau in na ga yaran girgizar ƙasa cikin tanti fuskar yaron nan nake gani.

Don haka in irin wannan ta auku, a Turkiyya ne ko Afganistan ko ina ne, mu daina tsayawa a tura hoton kuka da Allah sarki. Addu'a dole ce, amma a sa hannu aljihu. Kar ka ce dala ɗari me za ta yi, Annabi SAW ya ce ku kare kanku daga wuta ko da tsagin dabino ne. Kuɗin da muke zubawa a kati don kallon bidiyon ma ya kai hakan. Kuma kuɗi sun fi tsofaffin kaya amfani, su da ke wurin su suka san ko bargo ake buƙata ko ruwan sha ko madarar jarirai. Sai dai a kula, ba kowace lamba da aka turo a gurup ake aika wa kuɗi ba, a bi ta hannun Croix-Rouge ko ƙungiyar da limaminku ya san mutanenta ido da ido. Don Allah kuma a bar yaɗa hoton gawar yara, da naka ne ba za ka so ba.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan sati biyu ƴan jarida sun tafi kowa ya manta, alhali maraya lokacin ne maraicinsa ke farawa, abinci, magani, makaranta, shekara da shekaru. Annabi SAW ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka zai kasance a Aljanna da mai ɗaukar nauyin maraya. Ni dai na ce ma ƴan fadarmu daga wannan Juma'a kowa ya riƙa ajiye abin da ya samu wurin babbanmu duk sati, har wanda ya yi waccan magana ya ce a sa sunansa, jika guda ya fara bayarwa.