Kada a sallami mara lafiya da robar fitsari ba a koya masa kula da ita ba

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana tsaye mini a rai game da masu barin asibiti da robar fitsari a jikinsu, wato siririn bututun da ake zurawa har cikin mafitsara don fitsari ya riƙa zuba a jaka. Za a sa wa mutum roba, a maƙala masa jaka, a miƙa masa takardar magani da ranar dawowa, a ce Allah ya ƙara sauƙi, shi ke nan. Kunya ta hana shi tambaya, mai jinyarsa ma yana jin nauyi, sai su koma gida da abin da ba su san kansa ba. Ni a wurina wanda ya sa robar bai gama aikinsa ba sai ya zaunar da su ya nuna musu yadda ake kula da ita, su gwada da hannunsu a gabansa.

Robar da aka fi bari a jiki ita ce wadda likitan Amurka Frederic Foley ya ƙirƙiro a shekarun 1930. A can bakinta na ciki akwai ɗan balan-balan da ake cika wa ruwa mai tsabta, galibi mililita 10, shi ke riƙe ta a cikin mafitsara. Mutane da yawa da ke ɗauke da robar ba su san da wannan balan-balan ba. Shi ya sa za ka ji an ce dattijo ya ji ta dame shi cikin dare ya fizge ta, ya yaga hanyar fitsarinsa, jini ya ɓalle. Da an gaya wa masu jinyarsa tun farko, da sun ɗaure robar a cinyarsa sun sa masa ido.

Mafitsarar mai lafiya tana wanke kanta duk lokacin da ya yi fitsari. Roba kuwa ƙofa ce da aka bari a buɗe, ƙwayoyin cuta suna bin bayanta ko cikinta su hau. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na cututtukan fitsari da ake ɗauka a asibiti suna da alaƙa da roba. Kowace rana da robar ta ƙara a jiki, haɗarin shigar ƙwayoyin yana ƙaruwa da kamar kashi 3 zuwa 7 cikin 100, in ta kai wata guda kuwa kusan kowa za a samu ƙwayoyi a fitsarinsa. Suna yin wani yauƙi a jikin robar su ɓuya a ciki, inda magani ba ya kai musu sosai. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda nake so kowane mara lafiya ya yi ba tare da jin nauyi ba, ita ce: "Likita, har yanzu ina bukatar robar nan? Yaushe za a cire ko a sauya?" Wannan ba rashin kunya ba ne. Akwai robobin da ake mantawa da su a jikin mutane don kawai babu wanda ya tambaya.

Maganar jaka ita ce inda masu jinya suka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Ku dubi yadda ake juya mara lafiya a gado. 'Yarsa ko matarsa za ta ɗauki jakar daga gefen gadon ta ɗora a kan cikinsa don kada robar ta ja shi. In ka kalli siririn bututun a daidai lokacin, za ka ga fitsarin da ya riga ya sauko yana komawa baya. Fitsarin nan ya yi awoyi a waje, ƙwayoyi sun hayayyafa a ciki, ga shi ya nufi mafitsara. Dole jakar ta kasance ƙasa da mafitsara a kowane hali, a kwance, a zaune ko a tafe, kuma kada ta taɓa ƙasa. A rataye ta. A duba bututun kada ya lanƙwashe ko mutum ya kwanta a kansa. Mahaɗar robar da jakar kuma a bar ta a rufe, domin duk buɗewa hanya ce ga cuta.

Zubar da fitsarin ma yana da ƙa'ida. Ka wanke hannu da sabulu, ka buɗe ɗan famfon da ke ƙasan jakar, fitsarin ya zuba a mazubi mai tsabta na mutum ɗaya, bakin famfon kada ya taɓa mazubin ko masai, ka rufe, ka goge, ka sake wanke hannu. Kada a jira ta cika ta yi tim, in ta wuce rabi a zubar, don nauyinta yana jan robar. Jakar da ake ɗaurawa a ƙafa da rana takan ɗauki kamar rabin lita, ta dare kuma lita 2.

Wasu kuma tsabtar ce take yi musu yawa. Su zuba maganin kashe ƙwayoyi mai zafi a gaban mara lafiya, su shafa mai, su barbaɗa hoda. Ba a bukatar ko ɗaya. Ruwa da sabulu marar ƙarfi kullum sun wadatar, da kuma bayan kowace fita bayan gida. A wanke inda robar ta shiga, a goge ta daga jiki zuwa waje, mace kuma daga gaba zuwa baya. Namijin da ba shi da kaciya a mayar masa da fatar wurinta bayan wankewa, in ba haka ba za ta kumbura ta shaƙe shi.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne masu rage shan ruwa don kada jakar ta cika su wahalar da mai jinya. Don Allah ku daina. Fitsari kaɗan mai kauri shi ke tara ƙanzo ya toshe robar. In dai likita bai taƙaita maka ruwa ba saboda ciwon zuciya ko ƙoda, ka sha kamar lita 1.5 zuwa 2 a rana, har fitsarin ya yi haske. A kula da taurin bayan gida ma, don hanji in ya cika yana danne robar.

Sai maganar da na san wasu ba za su so ta ba. Don fitsari ya yi duhu ko ya yi wari, ba dalili ba ne na fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mai roba ta dogon lokaci kusan kullum akwai ƙwayoyi a fitsarinsa, kuma in ba su sa shi rashin lafiya ba, likitoci ba sa ba da magani a kansu. Shan maganin barkatai yana kashe masu rauni ne ya bar masu taurin kai, ranar da cuta ta gaske ta zo a rasa abin da zai yi aiki. Abin da ya kamata ya tayar da hankali daban ne: zazzaɓi da rawar sanyi, ciwon mara ko kwiɓi, jini mai gudaji, dattijo ya rikice farat ɗaya, ko a yi awoyi ba digo a jakar ga mara tana kumbura. Nan ba a jira gari ya waye. Mai raunin laka daga tsakiyar ƙirji zuwa sama kuwa, in robarsa ta toshe jininsa na iya hawa nan take, da matsanancin ciwon kai da gumi. A zaunar da shi, a duba bututun, a garzaya asibiti.

Ina so kuma a riƙa gaya wa mutane cewa roba mai zama a jiki ba ita kaɗai ce hanya ba. A 1972 likita Jack Lapides na Jami'ar Michigan ya nuna cewa mutum na iya sa wa kansa siririyar roba mai tsabta, ya zubar da fitsarin ya cire, sau da yawa a rana. Ba kowa take dacewa da shi ba, amma wanda hannunsa da hankalinsa ke lafiya ya cancanci a yi masa bayaninta ya tattauna da likitansa.

Ma'aikatan jinya, na san aiki ya yi muku yawa, kuma ba na raina ƙoƙarinku. Amma "ka gane ko?" ba koyarwa ba ce, don mara lafiya zai gyaɗa kai ko bai gane ba. Ku miƙa wa mai jinyar jakar ya zubar a gabanku, ku ce ya nuna muku inda zai rataye ta da dare, ku rubuta masa ranar da aka sa robar da ranar da za a sauya ta, da inda zai je in ta toshe da tsakar dare.