Dan Allah a daina cewa yaro "jinin ubansa ne"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da muke yi a ƙauyukanmu da yake ci min rai wallahi. Da an ce akuya ta ɓata ko an buɗe rumbun wani cikin dare, tun ba a bi sawu ba sai ka ji an ce ai ɗan gidan wane ne, ubansa ma har gidan yari ya kwana, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaro ko balaga bai yi ba an gama yanke masa hukunci a majalisar mai shayi, in ya girma ya je neman aure a ce ba a haɗa iri da su.

Ina muka kai faɗin Allah cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani? Suratul An'am aya ta 164, kuma ya maimaita a Isra'i da Faɗir. Ɗan Annabi Nuhu (AS) ɗufana ta cinye shi alhali ubansa Manzo ne, Ikrima kuwa ɗan Abu Jahal ne na cikinsa amma ya musulunta ya zama sahabi.

Eh ana gadon hali, har da zafin zuciya. Amma a 2002 masu binciken da suka bi yaran garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan tun suna ƙanana sun gano cewa maza masu raunin wata ƙwayar gado da ake kira MAOA, waɗanda aka gallaza wa a yarinta su ne suka fi faɗawa ta'adi da suka girma, waɗanda suka taso ba zalunci kuwa abin bai mai da su masu laifi ba. To mu da muke dukan yaron nan da gori muna hana 'ya'yanmu wasa da shi, wa yake tayar da abin da ke kwance?

A 2009 wata kotu a Italiya ta rage wa wani mai kisan kai shekara 1 saboda gwajin ƙwayoyin gado irin wannan, masana da yawa suka yi ta suka, amma ko shi sai da ya yi kisan aka gurfanar da shi.

In an yi maka sata ka je wajen mai unguwa ko dagaci da shaidunka, hujja tana kanka kai mai ƙara, wanda kake zargi kuma in ya musa rantsuwa ce a kansa.