Alhaji Mai Kyauta da Mabuɗin SSH

Alhaji: Injiniya, zo ka duba mini wannan kwamfuta, domin tun safe nake neman shiga sabar, wato waccan kwamfutar tamu ta nesa, ta hanyar SSH, manhajar nan ta shiga kwamfuta daga nesa, ita kuwa ta kafe cewa ba ni da izini, alhali da kuɗina na saye ta.

Injiniya: Ranka ya daɗe, a ina ka ajiye mabuɗin sirrin, wato fayil ɗin da SSH take gane ka da shi?

Alhaji: Na ɗora shi a fuskar kwamfuta inda ido zai riƙa ganinsa, saboda jakar da aka ce ita ce mazauninsa na neme ta sama ko ƙasa na rasa.

Injiniya: Tana nan a cikin jakarka ta gida, sunanta .ssh, sai dai duk sunan da ya fara da ɗigo ba ya bayyana a Linux sai an rubuta ls -a. Can manhajar take neman mabuɗin da sunan id_ed25519 ko id_rsa, idan kuwa an kai shi wani wuri, dole a nuna mata hanya da -i. Na mayar da shi, amma wa ya sa masa izinin 777?

Alhaji: Ni ne da kaina, domin ba a taɓa sanina da rowa ba.

Injiniya: Ai nan gizo ke saƙar. Lambar farko taka ce, ta biyu ta rukuninka, ta uku ta sauran jama'a, kuma 7 na nufin karatu da rubutu da gudanarwa gaba ɗaya. SSH ba ta karɓar mabuɗin sirrin da wani ke iya taɓawa, saboda haka za mu canza masa izini da umarnin chmod 600, wato kai kaɗai ne za ka iya karatu da rubutu, sifili kuwa na nufin babu izini, jakar kuma 700.

Alhaji: Sifili har biyu? Haba ɗana, a yi 640 mana, ko rukuni ya samu ɗan abin karantawa.

Injiniya: Ba ta karɓar tayi, Alhaji. In kyauta kake so, ga ɗan'uwansa mai ƙarewa da .pub, wanda ake zubawa cikin fayil ɗin authorized_keys a sabar domin ta gane ka, shi kam ka raba wa duk wanda ka ga dama.

Alhaji: Mai .pub ka ce? To, wanda na tura wa mutanen ofis jiya ba shi da wannan wutsiyar.

Injiniya: Inna lillahi! Yanzu sai mun ƙera sabo da ssh-keygen, mu kuma goge .pub ɗin tsohon daga sabar.

Alhaji: Madalla. In ka ƙera, ka fitar mini da kwafi huɗu, domin akwai waɗanda ba su samu na jiya ba.