Iska Kyauta Ce

Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, mu mutanen Garwa ta ƙasar Kamaru muka shiga uku tare da 'yan Najeriya, alhali ko zaɓen ba da mu aka yi ba. Zuwa-zuwa, man nan da ake tsallako da shi a jarkoki ana sayarwa cikin kwalabe a bakin titi, ya yi tashin gwauron zabo. Ga babbar sallah saura wata guda, ga uwargida ta kafe kai da fata cewa bana a gidansu za a ci naman layya.

Gidansu kuwa ba inda mota ke zuwa ba ne. Surukina masunci ne, yana zaune a wani tsibiri cikin tafkin Lagdo da ake kira Madagaska. Kada ku yi dariya, sunan ke nan. Na taɓa gaya wa wani mai kawo mini ɗinki cewa a Madagaska na yi aure, tun daga ranar ya daina neman ragi a wurina.

Ƙanin uwargida yana da jirgin katako mai injin Yamaha. Na kira shi, ya ce ba damuwa, zai zo bakin tafki ya kwashe mu, amma man zuwa da na dawowa a wuyana. Da ya faɗi kuɗin sai na ce masa layin ba kyau, na kashe waya.

A daren nan babban ɗana ya miƙo mini waya yana nuna mini wasu Turawa, miji da mata da 'ya'yansu har da kare, sun sayar da gidansu sun tare cikin jirgin ruwa suna ta yawo a teku. Ga wurin kwana, ga madafa, har da 'yar bishiyar Kirsimeti an ɗaure ta a ƙafar tebur kada ta faɗi. Duk wannan bai dame ni ba. Na ce, “Ina injin?” Ya ce, “Baba, iska ce ke tura su.” Na duba da kyau: dogon ƙarfe ne a tsakiyar jirgi, an ɗaura masa ƙaton yadi mai kusurwa uku. Yadi! Ni da na tsufa a kan keken ɗinki? In dai maganar yadi ce, babu Baturen da zai nuna mini hanya.

Yadi da tsada, don haka na bi masu shaguna na tara buhunan shinkafa da na fulawa. Da suka kasa, na cike layin ƙasa da buhunan gishiri, su ma kyauta. Kun dai san abin da ake nufi da makon sallah a shagon tela. Shaddodin mutane jibge har rufi, ni kuwa ina ta taka keke a kan buhu. Wani Alhaji ya zo karɓar babbar rigarsa, ya tsaya yana kallon abin da ya malale daga keke har bakin ƙofa.

“Malam, wannan ta wane ne?”

“Ta jirgi ce, Alhaji.”

Ya yi shiru. “To tawa fa?”

“Saura aljihu kawai,” na ce, ina zaune a kan shaddar tasa ko almakashi ba ta gani ba.

Uwargida ta leƙo sau ɗaya, ta ce, “Malam, banza fa ba ta kai zomo kasuwa.” Na ce mata iska ba banza ba ce, ni'imar Allah ce, kuma har yau babu gwamnatin da ta cire mata tallafi.

Ranar Arfa da asuba muka ɗau hanya: ni, uwargida, yara huɗu, rago ɗaure a saman mota, da Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ba wanda ya gayyata amma ta riga kowa shiga. Daga Garwa zuwa Lagdo ya ɗara kilomita 50. Muka bi hanyar Ngong, muka karkata hagu, kafin hantsi ya dubi ludayi muna bakin ruwa.

Wanda bai taɓa ganin Lagdo ba yana tsammanin kududdufi ne. Sinawa ne suka datse kogin Binuwai tsakanin duwatsu, suka fara aikin a 1977 suka gama a 1982, zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan garinmu. Ruwan da ya taru ya mamaye murabba'in kilomita 586, daga nan kuma ake ba arewacin Kamaru wutar lantarki. 'Yan uwanmu na Yola sun fi mu sanin sunan wurin, domin a 2012 da 2022 da aka saki ruwa ambaliya ta yi musu ɓarna sosai. Har yanzu in damina ta yi nisa wani ɗan kawuna yakan kira ni ya ce, “Don Allah ku rufe famfonku,” sai ka ce makullin na aljihuna.

Ƙanin uwargida yana jiranmu. Na riga na gaya masa kada ya wahalar da kansa da jarka, kwalba biyu ta isa don fita daga gaɓa. Ya dubi gorar da na taho da ita, ya dubi naɗin buhuna, ya dubi yayarsa. Ta kau da kai.

“Yaya, a jirgina za ka kafa wannan rumfar?”

“Kai dai riƙe mini igiya.”

Muka soka gora a ramin da na sa aka huda a katakon zama, muka ɗaure ta hagu da dama. Aka loda bokitin cincin, da kayan miya, da tabarmi, da jakar kayan sallah, da butar Goggo. Rago ya samu wuri a gindin gora. Goggo ta sa ƙafar dama tana cewa, “Mai sunan Baba, ruwa fa ba sa'an kwando ba ne.” Ba ta kiran sunana, sunan mahaifinta na ci.

To, ina so kowa ya ji wannan da kyau, domin shi ne wurin da mutanen gidana ke tsallakewa in suna ba da labarin. Abin ya yi aiki. Muna fita sarari aka kashe inji, na saki igiya, buhunan suka buɗe fal, suka cika da iska, rubutun shinkafar Tailan ya miƙe sarai ana iya karanta shi daga nesa. Jirgi ya zabura. Babu ƙara, babu hayaƙi, sai ƙarar ruwa a jikin katako. Masunta suka bar raga suka miƙe tsaye cikin kwale-kwalensu suna ɗaga mana hannu, wani yana ta ihu da Fillanci. Yara suna tsalle. Na rantse na ga haƙorin uwargida, ko da yake ta ce rana ce ta kashe mata ido.

Muna cikin haka tsibirin ya bayyana ta hannun dama. Har rufin bukkoki muna hange, da hayaƙin banda. Ya matso, ya matso, ya zo daidai kafaɗarmu, sannan ya fara komawa baya.

“Kyaftin,” in ji ƙanin uwargida, “gaya masa ya yi kwana.”

Na ja igiya dama. Jirgi ya juya hanci wajen tsibiri, amma ya ci gaba da tafiya inda yake tafiya, a karkace. Na ja hagu, ya juya mana ƙeya. Sai a lokacin babban ɗana ya tuna wani abu da bai ga dalilin faɗa mini ba a gida: wai jiragen Turawan suna da wani dogon faifai mai nauyi a ƙarƙashinsu, nutse cikin ruwa, shi ke hana jirgi zamewa gefe, shi ya sa suke iya yanka iska a kaikaice su je inda suka nufa. Namu kuwa gindinsa shafe yake kamar faranti, inda iska ta ce nan za shi. Na tambaye shi me ya hana shi magana tun farko. Ya ce a bidiyon ba a nuna ƙarƙashin ruwa.

Ƙanin uwargida ya ce a sauke buhu a ta da inji. Na ce a ɗan jira, iska za ta juya. Ba ta juya ba. Wajen azahar ta ɗauke ɗif, ta bar mu a tsakiyar ruwa, tsibirin ya koma ɗan baƙin ɗigo a bayanmu.

A nan na gane abin da Turawan nan ba sa ɗauka a bidiyo. Mutum takwas da rago a cikin katako mai faɗin taku biyu, manya kuma suna azumin Arfa. 'Yan matan biyu suka fara faɗa a kan wa ta taka wa lalle. Auta ya ce zai yi kashi, kuma yanzu-yanzu. Aka riƙe shi ta hammata a gefen jirgi, Goggo ta kare shi da mayafi, yana ihu wai kifi na kallonsa. Goggo ta yi alwala ta tambayi gabas, aka nuna mata, ta ta da kabbara a zaune. Kafin ta kai raka'a ta biyu jirgi ya juya da ita tana fuskantar inda muka fito. Ta sallame ta ce, “Alhakin wannan sallar a kanka, mai sunan Baba.” Uwargida ba ta ce komai ba. Da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Shirun nan ne ya sa na ji wani sauti, ƙurus, ƙurus, a bayana. Na waiga. Rago ya gano layin ƙasa. Ya lashe gishirin tas, da ya ga ɗanɗanon na cikin zaren sai ya bi zaren. Ya riga ya cinye buhu guda da rabi, ɗinkin da na yi ninki biyu da zaren kapinta yana reto a bakinsa. Na ɗaga hannu zan make shi, Goggo ta ce dabbar layya ce, ba a dukanta.

Na yarda a ta da inji. Ƙanin uwargida ya kama igiyar injin ke nan sai ya tsaya cak, ya daina murmushi. Can gabanmu, tsakaninmu da tsibiri, wasu 'yan kunnuwa ne suka ɓullo a kan ruwa, biyu manya, biyu ƙanana. Dorina da ɗanta. Duk masuncin da ka tambaya zai ce maka gara ya haɗu da kada, domin dorina mai ɗa ba ta tambaya, kifar da jirgi take yi. Ta buɗe baki ta yi hamma, na ga abin da ya isa. Inji ya tashi, muka kwasa a guje ta ɗaya ɓangaren, muna ƙara nisa da gida. Kwalba biyun nan da na ce ta isa, ta isa ɗin, ta raba mu da dorina, sannan inji ya yi tari sau biyu ya mutu.

La'asar sakaliya hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Wanda ya san daminar ƙasar nan ya san iskar da ke riga ruwa isowa. Na ce ga dama ta samu, wannan ai baya za ta mai da mu. Uwargida ta buɗe baki karo na farko tun hantsi: “Malam, in ka taɓa igiyar nan, ni da kai sai a gaban alƙali.” Aka kwantar da gora. Muka tuƙa da filafili ɗaya da murfin bokiti har muka kai wani busasshen itace da ke tsaye cikin ruwa, irin waɗanda tafkin ya shanye tun da aka datse kogi, muka ɗaure jirgi a jikinsa.

Ruwa ya sauko, kuma me kuke tsammani ya rufe mu? Buhunana. Mu takwas muka dunƙule a ƙarƙashinsu, rago a tsakiya yana ɗumama mu yana ci gaba da cin rufin. Sai dai ragowar fulawar da ke cikin buhunan ta jiƙe ta riƙa ɗiga mana a ka. Aka sha ruwa da cincin da ruwan sama. Sauro ya zo ya yi nasa buɗa-bakin. Goggo ta kwana tana jan carbi, tana kwarfe ruwa da butarta, tana lissafa mini mazan da suka nemi auren uwargida kafin ni, har da wani mai jirgi biyu.

Da gari ya waye muka jiyo kabbarar idi daga nesa, iska na kawo ta tana ɗaukewa. Can sai ga wani masunci, Bamusgume dogo, ya zo duba ragar da ya kafa jiya a gindin itacen. Ya tarar ta kama iyali guda, fari fat da ƙullun fulawa, da rago, da farfelar inji naɗe cikin ragar tasa. Ya daɗe yana kallonmu kafin ya yi sallama. Aka yi ciniki da Fillanci, ƙanin uwargida na fassara mini abin da na riga na ji: kuɗin ja daban, kuɗin raga daban. Da aka haɗa, ya fi kuɗin man zuwa da dawowa, har da canjin da zai sayi wani ɗan tunkiya.

Muka iso an sauko daga idi, liman ya yanka, har an fara ƙona kawuna. Duk tsibirin ya fito bakin ruwa cikin sababbin kaya, mu kuwa namu suna cikin jaka, shuɗin shaddata ya zuba a kan farin leshin uwargida. Na durƙusa gaban surukina.

“Baba, mun same ku lafiya? Barkanku da sallah.”

“Lafiya lau, Malam. Jiya mun ga wucewarku. Muka ce ko can garin Rai Buba kuka fara kai gaisuwa.”

Bai ƙara ko kalma ba. Ya sa yara suka kwance buhunan, ya shafa ɗinkin da yatsa, ya jinjina kai ya ce hannuna na da kyau. Kafin azahar an shimfiɗa su a rana an baza ƙananan karfasa a kai. Aka yanka rago. Da aka kawo soyayyen nama Goggo ta ɗanɗana, ta aika a gaya wa masu suya kada su ƙara gishiri, ya zo da nasa.

Washegari da yamma na ɗauki tef ɗina na awo na gangara bakin ruwa, don in auna gindin jirgin in san tsawon faifan da zan sa maƙeri ya yi mini kafin sallar baɗi. Na tarar da turke da guntun igiya. Yara suka ce tun da dare ƙanin uwargida ya zagaya da jirginsa bayan tsibiri, ya kuma yi musu alkawarin goron sallah in ba su nuna mini wurin ba.